Kundin Kiɗan Yanayi a Hannun Masu Sharhi: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani rukunin kiɗan na'ura da ba shi da waƙa, ba shi da amshi, sau da yawa ma ko bugun ganga babu. Sauti ne kawai da yake shimfiɗuwa a hankali har ya cika wuri. Duk lokacin da kundi irin wannan, wato tarin kiɗe-kiɗen da aka fitar a faifai, ya fito, masu sharhi a mujallu da intanet sukan rabu gida biyu, kuma abin da suka faɗa a makon farko ba kasafai yake zama hukuncin ƙarshe ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wane irin kiɗa ne ake magana a kai?

Shi ne wanda aka fi sani da ambiyent, wato kiɗan yanayi. Ana haɗa shi da na'urar sarrafa sauti, ko kwamfuta, ko zaren tef, wani lokaci a haɗa da piyano ko muryar mutum da aka ja ta yi tsawo har kalma ta ɓace. Manufarsa ita ce ya canja yadda wuri yake ji, kamar yadda ƙamshi yake canja ɗaki ba tare da an ga komai ya motsa ba. Mutumin da ya raɗa masa suna shi ne Brian Eno, ɗan Ingila, a kundinsa na 1978 mai suna Ambient 1: Music for Airports. A bayanin da ya rubuta a jikin faifan ya ce dole irin wannan kiɗa ya zama mai sauƙin a yi watsi da shi daidai gwargwadon yadda yake da jan hankali. Daga wannan jimla guda rigimar masu sharhi ta samo asali, domin aikin mai sharhi shi ne ya kasa kunne, ga kuma mai kiɗa yana cewa ba lallai ba ne a kasa.

Yaya aka yi wannan kundi na 1978, kuma me ya sa ake yawan komawa kansa?

Eno ya ce tunanin ya zo masa ne yana zaman jiran jirgi a filin jirgin saman Kolon da Bon a Jamus. Ginin ya burge shi, kiɗan da ake sakawa a ciki kuwa ya ɓata masa rai. Sai ya tambayi kansa irin kiɗan da ya dace da wurin da mutane suke zaune cikin ɗar-ɗar, ana katse su da sanarwa a kai a kai.

Kundin yana da kashi huɗu, kuma ba su da suna sai lamba: 1/1, 2/1, 1/2 da 2/2. A kashi na farko akwai piyanon Robert Wyatt. Amma inda dabarar ta fi fitowa fili shi ne kashi na biyu. An ɗauki muryoyin mawaƙa, kowace murya tana riƙe da sauti guda, aka naɗe kowanne a zaren tef dabam, aka haɗa bakin zaren biyu ya zama zobe mai zagayawa. Tsawon zoben bai zo ɗaya ba. Kamar yadda Eno ya bayyana daga baya, wani sauti yana dawowa duk bayan daƙiƙa 23 da rabi, wani bayan kusan 26, wani bayan kusan 30. Tunda ba tafiyarsu ɗaya ba, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa ta hanyar da ko shi mai haɗawar bai tsara ba. Za ka ji muryoyi biyu sun faɗo tare, sai shiru ya ratsa, sai uku su biyo a jere. Wanda bai san haka ba zai ɗauka wani ne ya zauna ya rubuta kowane motsi.

An ma saka kiɗan na ɗan lokaci a wani sashe na filin jirgin saman LaGuardia da ke New York a 1980.

Yaya masu sharhi suka karɓe shi da farko?

Da sanyin jiki. Mai sharhin mujallar Rolling Stone a 1979, Michael Bloom, ya yarda cewa akwai gwaninta a aikin, amma ya yi ƙorafin cewa ba za ka gano ta ba sai ka tattara hankalinka, wanda hakan ya saɓa wa abin da kiɗan ya ce yana so. A ganinsa kundin ba shi da alkibla.

Kada a yi saurin yi masa dariya. Abin da ya faɗa gaskiya ne, inda ya kuskure shi ne da ya ɗauke shi a matsayin aibi. Masu sharhin wancan zamani sun taso ne a kan kiɗan rok, inda ake auna kundi da ƙarfin waƙoƙinsa, da baitocin mawaƙi, da ko amshin zai zauna a baki. Eno kansa sun san shi ne daga ƙungiyar Roxy Music da kundayensa masu waƙa. Da aka miƙa musu minti 48 na sauti mai tafiyar hawainiya, sai suka ɗauko ma'aunin da suka saba da shi, ma'aunin kuwa bai nuna komai ba.

To me ya canja har aka dawo ana yabonsa?

Kundin bai canja ba. Kunnuwa ne suka canja. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 gidajen rawa na Birtaniya suka fara ware ɗaki na musamman inda waɗanda suka gaji da bugu mai zafi suke zuwa su huta, kuma irin wannan kiɗa ake sakawa a can. Matasan da suka saba da shi a nan, su ne suka zama masu haɗa kiɗa da masu sharhi na gaba. A 1998 ƙungiyar Bang on a Can ta New York ta sake kaɗa kundin gaba ɗaya da kayan kiɗa na hannu da muryoyin mutane a raye, abin da ya nuna cewa akwai ginin da za a iya rubutawa a takarda a ƙarƙashin wannan shiru-shirun. A 2016 kuma shafin sharhin kiɗa na Pitchfork ya fitar da jerin kundaye 50 mafiya kyau a wannan fanni, ya ɗora Music for Airports a lamba ta ɗaya.

Shi kaɗai ne aka yi wa haka?

Ko kusa. Misalin da ya fi fitowa sarari shi ne Selected Ambient Works Volume II na Richard D. James, wanda aka fi sani da Aphex Twin. Kamfanin Warp ne ya fitar da shi a watan Maris na 1994. Kundinsa na farko mai kama da wannan suna, na 1992, yana da bugu da karin sauti mai daɗi, mutane kuma suka sa ran ci gaba ne zai zo. Abin da ya zo shi ne sama da awa biyu da rabi na sauti mai duhu, mafi yawansa babu ganga, kuma kusan duk kiɗe-kiɗen ba su da suna. Hotuna aka saka a madadin suna, sai masoya suka riƙa kiran kowane kiɗa da abin da suka gani a hotonsa, sunayen kuma suka bi su har yau.

Kundin ya kai lamba ta 11 a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya, amma masu sharhi sun rabu. Wasu, irin su Simon Reynolds, sun yaba. Robert Christgau na jaridar Village Voice kuwa ya yi wa abokan aikinsa ba'a a kan manyan kalmomin da suka yi ta zubawa, yana tambayar me ma suke nufi. A wancan jeri na 2016, wannan kundi ne ya zo na biyu.

A nawa ganin, ba'ar Christgau ta fi dacewa da masu sharhin fiye da kundin.

Da me mai sharhi yake auna kiɗan da ba shi da waƙa ko amshi?

Mai sharhin kirki yana da abubuwan dubawa, ko da bai jera su a rubutunsa ba. Na farko shi ne jikin sautin kansa: kauri ne da shi ko siriri ne, sumul yake ko yana da ƙura da ƙaiƙayi irin na tsohon tef, yana kusa da kunne ko yana can nesa kamar daga wani ɗaki. 'Yan'uwan nan biyu na Sikotland, Boards of Canada, sun yi suna da kundinsu na 1998 ne saboda yadda suke sa sabon sauti ya yi kamar ya shekara ashirin a cikin akwati, yana ɗan karkacewa kamar zaren da zafi ya taɓa.

Sai kuma lokaci, wanda nan ne ake gane gwani. Idan sauti zai maimaita kansa na minti goma sha biyar, tilas wani abu ya riƙa motsi a ƙarƙashi, ko da ƙanƙane ne. Tambayar ita ce, a minti na goma kana jin abin da ka ji a minti na farko, ko kuwa an kai ka wani wuri ba ka ankara ba? Kundin da bai yi nasara ba yakan ƙare kana nan inda ka fara, sai dai ka gaji.

Akwai kuma jarrabawar da Eno ya kafa da kansa, wadda take da fuska biyu. A rage sauti a ci gaba da aiki, a ga ko kiɗan zai zauna lafiya da motsin wurin. Sannan a sa iyafis a rufe ido, a ga ko akwai abin da zai saka wa wanda ya ba shi hankalinsa duka. Kundaye da yawa suna cin ɗaya su faɗi ɗaya. Waɗanda suka ci biyun ba su da yawa, kuma su ne ake ci gaba da magana a kansu bayan shekara talatin.

Me ya sa sharhin irin wannan kiɗa yake cika da maganar hazo da teku da sararin samaniya?

Domin babu baitin da za a ɗauko a tattauna, kuma bayanin yadda aka sarrafa na'ura yana gundurar mai karatu. Sai marubuci ya koma zana hoto. Ba laifi ba ne idan hoton ya taimake ka ka hango yadda sautin yake. Matsalar ita ce hotunan sun zama 'yan gida ɗaya: an rubuta hazo da dusar ƙanƙara da tsakar dare a kan ɗaruruwan kundaye da ba su yi kama da juna ba. Idan za ka iya cire sunan kundi daga sharhi ka sa na wani, ba abin da ya lalace, to marubucin yanayin zuciyarsa ya ba ka labari, bai gaya maka komai a kan kiɗan ba. Nemi wanda zai ce maka a minti na shida wani sauti mai kauri ya shigo ya ture piyanon gefe. Wannan ya saurara.

Shin labarin da ke bayan kundi yana shafar yadda ake yabonsa?

Ƙwarai kuwa, kuma babu inda ake gardamar nan kamar a kan The Disintegration Loops na William Basinski. A farkon shekarun 1980 ya naɗi wasu gajerun sautuka a zoben tef ya ajiye. A 2001 ya ɗauko su don ya mayar da su zuwa tsarin dijital. Zaren ya riga ya tsufa, saboda haka duk zagayen da ya yi ta kan na'urar, sai garin ƙarfen da ke riƙe da sautin ya ɗan kankare ya zube. Ya bar na'urar tana naɗa. Abin da aka samu shi ne ɗan karin sauti guda da yake maimaituwa yana rasa wani yanki nasa a hankali, ramuka suna buɗewa a cikinsa, har ya rage saura kaɗan. Kashin farko ya haura awa guda.

Ya kammala aikin ne daidai lokacin harin 11 ga Satumba na 2001 a New York, kuma daga saman rufin gidansa a Brooklyn ya ɗauki bidiyon hayaƙin da ke tashi daga Manhattan. Hotuna daga bidiyon ne suka zama bangon faya-fayen huɗu da suka fito a 2002 da 2003, ya kuma sadaukar da aikin ga waɗanda suka rasu. A ranar cika shekara goma da harin, an kaɗa wani sashe nasa da makaɗa a raye a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Da aka sake fitar da shi a akwati guda a 2012, Pitchfork ta ba shi maki 10 cif.

Masu shakka suna tambaya: da babu labarin harin, da an yaba shi haka? Wasu ma suna ganin jingina kiɗa da masifar jama'a bai dace ba. Tambayar tana da nauyi, domin kiɗan da ba shi da kalmomi yana shan duk ma'anar da aka zuba masa. Amma a nan ina ganin labarin zaren da ke mutuwa ya wadatar shi kaɗai, saboda ba sai an gaya maka ba, kana jin sa da kunnenka yana faruwa. Labarin harin ya sa mutane da yawa sun nemi kundin. Ba shi ne yake riƙe su awa guda suna saurare ba.

Makin da ake bayarwa yana da wata ma'ana?

Yana da, amma kaɗan. Pitchfork tana ba da maki daga 0.0 zuwa 10.0. Metacritic, wanda aka buɗe a 2001, yana tattara sharhin kafofi da dama ya fitar da matsakaici a kan 100, yana ba wasu kafofin nauyi fiye da wasu. Abin lura shi ne, kundin kiɗan yanayi ba kowace mujalla ce take kula shi ba. Galibi waɗanda suke rubutu a kansa masoyan fannin ne tun asali, don haka makin yakan yi sama. Sannan yawancin maki 10 da ake gani a wannan fanni an ba da su ne bayan shekaru, lokacin sake fitarwa ko waiwaye, bayan an riga an gama gardama. Yabon da ya zo bayan kowa ya amince ba ya buƙatar jarumta.

Ba kiɗan barci ba ne kawai aka yi wa ado da manyan kalmomi?

Wannan zargi ya girmi Eno. Tun 1917 mawallafin kiɗa na Faransa Erik Satie ya fara rubuta abin da ya ɗauka a matsayin kayan ɗaki, kiɗan da za a ajiye kamar kujera. Da aka kaɗa shi a Paris a 1920 lokacin hutun wani wasa, jama'a suka koma kujerunsu suka yi tsit suna saurare, shi kuwa ya riƙa zagayawa yana roƙonsu su ci gaba da hirarsu. Daga shekarun 1930 kuma kamfanin Muzak na Amurka ya mayar da kiɗan bayan fage sana'a, yana sayar wa masana'antu da shaguna da otal-otal. Eno ya fito ƙarara ya ce nasa kishiyar wannan ne: Muzak yana shafe damuwa da shakku daga wuri, nasa kuwa yana barinsu a ciki.

Yau zargin ya sami sabon ƙarfi. Manhajojin sauraren kiɗa cike suke da jerin kiɗan barci da na karatu da na kwantar da hankali, kuma a Spotify ana ƙirga saurare guda ne da zarar kiɗa ya kai daƙiƙa 30. Wannan tsari ya fi amfanar mai yanka gajerun kiɗe-kiɗe masu yawa a kan mai kiɗa guda na minti ashirin. Sakamakon shi ne ambaliyar sauti mai laushi da ba a san ma waɗanda suka yi shi ba. Shi ya sa masu sharhi na yanzu suka fi karkata ga kundin da yake da ɗan ƙaya a jiki, wanda ba zai bari a yi barci a kansa cikin sauƙi ba. Wani lokaci har suna wuce gona da iri, su raina aiki mai kyau don kawai yana da taushi.

Shin sai masu sharhi sun yarda kafin kundi ya yi suna?

A'a. Hiroshi Yoshimura ɗan Japan ya fitar da Music for Nine Post Cards a 1982 da Green a 1986, ya rasu a 2003 ba tare da an san shi sosai a wajen ƙasarsa ba. Shekaru bayan haka wasu suka ɗora faya-fayensa a YouTube, manhajar ta riƙa tura su ga masu saurare, miliyoyi suka ji. Sai daga baya kamfanoni suka sake buga su, masu sharhi suka biyo sahu. Kundin tarin irin wannan kiɗa na Japan da kamfanin Light in the Attic ya fitar a 2019 har ya shiga takarar lambar yabo ta Grammy.

Ana ba irin waɗannan kundaye lambobin yabo?

Shiga takara ta fi cin kyauta yawa. Kundin Untrue na makaɗin nan Burial, wanda ya fito a 2007, ya shiga takarar lambar yabo ta Mercury ta Birtaniya a 2008, ƙungiyar Elbow ta lashe. Kundin Promises, haɗin gwiwar makaɗa Floating Points da Pharoah Sanders da makaɗan London Symphony Orchestra, shi ma ya shiga a 2021 bai ci ba. Grammy kuwa sai a 2023 ta saka sunan wannan fanni a cikin sunan ɗaya daga rukunanta.

Idan fitaccen mawaƙi ya juya ya yi irin wannan kundi, ana yi masa adalci?

Da wuya, ta kowane ɓangare. A watan Nuwamba na 2023 André 3000, wanda duniya ta sani da waƙar rap a ƙungiyar Outkast, ya fitar da New Blue Sun, kusan awa ɗaya da rabi na busa da sautin na'ura, babu baiti ko ɗaya. Masoyan da suka daɗe suna jiran ya dawo da rap suka ji kamar an yaudare su. Masu sharhi da dama suka yaba masa ƙarfin halin bin abin da ransa yake so, wanda yabo ne ga mutumin, ba ga kiɗan ba. Wasu masu bin fannin kuma suka yi gunagunin cewa akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna irin wannan aiki ba wanda ya waiwaye su. Kundin ya shiga takarar kundin shekara a Grammy ta 2025, matsayin da wanda ba a san sunansa ba zai yi wuya ya taka da irin wannan kiɗa. Sharhin da ya zauna ya yi maganar busar kanta, inda ta yi ƙarfi da inda ta yi ta yawo ba ta isa ko'ina ba, shi ne mafi ƙaranci a cikin abin da aka rubuta.

Ta yaya zan yi amfani da sharhi idan zan saurari sabon kundi?

Ka fara saurare kafin ka karanta, domin hoton da marubuci ya zana yana manne wa kunne, da wuya ka kankare shi. Kada ka yanke hukunci da sifikar waya, saboda sauti mai kauri da ke ƙasa, wanda sau da yawa shi ne ƙashin bayan kiɗan, ba ya fitowa ta nan. Ka ji kundin daga farko zuwa ƙarshe a jere yadda aka tsara shi, sau ɗaya kana wani aiki, sau ɗaya ba ka komai. Bayan nan ka nemi sharhi biyu, na mai yabo da na mai suka, kuma ka duba kwanan watan kowanne: wanda aka rubuta a makon fitowa yawanci marubucinsa kwanaki kaɗan ya samu da kundin kafin edita ya karɓi rubutun, wanda aka rubuta bayan shekara ashirin kuma marubucinsa ya riga ya san abin da ake so ya ce.